Ƙarfen da Inna Take Shayarwa

Filin kallonmu yana bakin titin da ya tashi daga Gaya ya nufi Ajingi, a bayan 'yar tashar da manyan motoci suke tsayawa su yi lodin hatsi. Ba shi da rufi, ba shi da kujeru. Katangar ƙasa ce ta kewaye shi, sai bango ɗaya mai tsayi ta arewa da muke shafa wa farar ƙasa duk bayan damina, a jikinsa majigi yake haska hoto. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya kewaye filin tun ina firamare. Direba ne, ya san halin 'yan uwansa direbobi: mutum ba zai bar mota da buhunan jama'a a tasha ya tafi kallo ba. Sai ya yi wa filin ƙofa mai faɗi, ya ce kowa ya shigo da motarsa ya kalla daga ciki. Masu ƙafa suna shimfiɗa tabarma a gaba, 'yan acaɓa suna zama a kan baburansu a tsakiya, manyan motoci kuma suna jeruwa can baya, jikin katanga.

Da Baffa ya rasu, filin ya koma hannun babban ɗansa, wanda nake kira Yaya. Ni aikina tsaron ƙofa da shara. Da rana ina gona kamar kowa, da la'asar na zo na share filin, na tsince duk ƙusa da fasasshiyar kwalba, saboda idan tayar wani ta fashe a wurinmu ban san da wane ido zan kalle shi ba. Ina son aikin nan. Ina son ƙanshin ƙasa idan na yayyafa mata ruwa, da yadda direbobi suke miƙo mini hannu ta taga mu gaisa. Aibina ɗaya, kuma kowa ya san shi: ba na iya kulle ƙofa na tafi ban dawo na sake jijjiga kwaɗon ba. Yaya yana kirana Sarkin Fargaba, tun ina jin haushi har na koma amsawa.

A shekarar da nake ba da labari, bayan an gama girbin dawa, mai unguwa ya aiko ya kira mu. Maganar lasifika ce. Yaya ya daɗe da kafa manyan lasifikoki a gefen bango, irin waɗanda idan aka harba bindiga a fim sai ka ji ta a ƙirjinka. A jikin katangarmu ta yamma kuwa gidan Malam ne, dattijon da ya koya wa yawancinmu karatun allo. Ya tsufa, hawan jini ya kama shi, yana fama da ciwon kai mai hana shi barci. Shi bai taɓa cewa uffan ba. Iyalinsa ne suka kasa haƙuri suka je wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya ce wa Yaya, “Ban kira ku don faɗa ba. Mahaifinka mutumina ne. Amma kafin watan nan ya mutu, ko dai ƙarar nan ta mutu, ko a rufe ƙofar. Ni da kaina zan zo na zauna a zauren Malam na saurara.”

Muka kama hanyar komawa. Ina tuna duk daren da na tsaya a bakin ƙofa ina dariya, alhali malamina yana bayan katanga riƙe da kai. Kuma ina tuna cewa idan an rufe filin, ban san abin da zan yi da yammacina ba. Yaya ya gwada rage ƙarar a daren nan. 'Yan gaba suka ji, direbobin baya suka riƙa danna hon suna ihun a ƙara. Filin kuwa don su aka yi shi.

Inna ce, matar Baffa, ta kawo mafita ba tare da ta nufa ba. Gidanta yana manne da katangar gabas, ta wajen gaba, kusa da ɗan ɗakin da majigi yake. Muna zaune a tsakar gida muna jajanta abin, sai ta ce, “Da can ai babu wannan hargowar. Akwatin babanku yana nan a ƙarƙashin gadona, ku da kuka ce ya tsufa.”

Sai na tuna. A zamanin Baffa babu lasifika ko ɗaya a filin. Wani akwatin ƙarfe ne da ya sayo wurin wani mai gyaran rediyo a Kano, wanda yake karɓar maganar fim daga majigi ya watsa ta a iska, kamar ƙaramin gidan rediyo. Kowane direba sai ya murɗa rediyon motarsa zuwa matsakaicin zango ya kama. Masu tabarma kuma su zo da nasu na hannu. Inna ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane. Bai fi akwatin lefe ƙarami ba, fentinsa kore ya ɓaɓɓare, yana da 'yar fitila ja da wata allura a bayan gilashi.

Yaya ya ɗauko wani mai gyaran rediyo daga Gaya, mutum mai fara'a, mai gilashin ido ɗaure da zare. Ya buɗe akwatin, ya hure yanar gizo, ya ce wanda ya haɗa shi ya san aiki. Ya cire wasu 'yan abubuwa masu kama da ƙananan batura da suka kumbura, ya liƙa sababbi da dalma. Ina tsaye a kansa ina tambaya.

“Malam, ba zai kama da wuta ba?”

“Ba zai kama ba.”

“Ba zai shiga cikin maganar gidan rediyon gwamnati ba? Kada a zo a ce mu ne.”

“Abokina, wannan ko kukan jaki ya fi shi nisa. Kuma na ajiye shi a inda babu kowa a zangon.”

Duk da haka sai da na sa Yaya ya yi mini alkawarin zai je ya tambayi waɗanda suka san doka, kuma ya je. Ya dawo ya ce a tabbatar dai bai wuce unguwa ba.

Mai gyara ya kafa doguwar gora a bayan ɗakin majigi, ya ja wayar eriya har samanta. Ya kunna akwatin, fitila ta kawo ja, rediyon da ke hannunsa a cikin ɗakin ya yi magana ras. Rana ta yi sanyi, yana son ya sami motar komawa. Sai ya miƙo mini wani dogon ƙarfe ja, ya fi ni tsayi, da wata waya mai kauri da ta fito daga bayan akwatin.

“Saura wannan. A buga shi cikin ƙasa har ya kusa nutsewa, a ɗaure masa wayar nan tam. Shi ke nan, kun gama.”

Ya tafi. Washegari Yaya ya wuce Kademi wurin sussuka a gonar surukansa, ya bar mini aikin.

Wurin da ya fi kusa da ɗakin majigi shi ne lungun da rariyar gidan Inna take fitowa ta ƙarƙashin katanga. Lungu ne mai laima kullum, har zogale ya fito a wurin ya girma. Na tsaya da ƙarfe a hannu ina kallon taɓon. Abu ɗaya na riƙe tun daga makaranta game da lantarki, shi ne ba ya shiri da ruwa. Malaminmu na aji biyar ya maimaita mana har ya zauna mini: kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu. Ga waya ta fito daga akwatin da injin janareto yake ba wa wuta, a ce na kai ta cikin taɓo, a inda tsohuwa take zubar da ruwa, a inda awaki suke zuwa lasar danshi? Na hango Inna ta watsa ruwa wuta ta biyo ta ja ta. Na hango kaina ina yi wa Yaya bayani.

Sai na zaga filin ina neman inda ya fi ko'ina bushewa. Na samu wani ɗan tudun yashi a kusurwa, inda ko da damina ruwa ba ya kwanciya. Na ƙara wa wayar tsayi da ragowar da mai gyara ya bari, na hau kan turmi na yi ta dukan ƙarfen da guduma har tafin hannuna ya yi bororo. Da na gama na kewaye shi da ƙaya, na kifa masa guntun kwano don ko raɓa kada ta taɓa shi. Na koma gefe na kalli aikina, raina ya yi fari. A ganina ban taɓa yin aiki mai tsafta irin wannan ba.

Da Yaya ya dawo muka yi gwaji da la'asar. Ya tayar da inji, ya sa wani fim, ni kuma na ɗauki rediyon Inna na fara tafiya daga bakin ɗakin. A wajen tabarmi magana tana fita. Da na isa inda babura suke tsayawa sai ta fara shaƙewa, kamar mai magana da bakinsa cikin tulu. Kafin na kai layin manyan motoci ta ɓace, sai shuuu kawai, irin ƙarar ruwan sama a kan kwano.

Yaya ya ɗaga murya daga ɗakin. “Yaya dai, Sarkin Fargaba?”

“Babu komai a nan!”

“Ka juya rediyon!”

Na juya shi gabas da yamma, na ɗaga shi sama, na ɗora shi a ka. Babu. Muka sayo sababbin batura. Muka ɗaura wa gorar wata gorar. Muka roƙi wani direba ya shigo da motarsa ya gwada nasa, ya murɗa ya murɗa, ya ce shi dai yana jin wani abu kamar ana soya ƙosai. Yaya ya kira mai gyara a waya, a kashe. Da ya tambaya sai aka ce an yi masa rasuwa, yayansa ne, yana Gafasa wurin zaman makoki.

Wata kuwa yana ta ƙanƙancewa. Mun daina kunna lasifika gaba ɗaya, don ni na ce ba zan iya tsayawa a ƙofa ana wannan ƙara ba bayan abin da na sani. Filin ya zauna a rufe. Duk da haka ina zuwa na share shi. Direbobi suna tsayar da ni a tasha suna tambaya, ina cewa ana gyara. Yaya ya fara maganar ko a ba masu ajiye buhuna hayar wurin kawai a huta. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata safiya na shiga gaishe da Inna, na mayar mata da rediyonta. Tana tsugune tana wanke-wanke.

“Har yanzu bai yi magana ba?”

“Yana yi, Inna, amma ba ya kai wa baya.”

“To kun shayar da shi?”

“Wa?”

“Ƙarfen mana. Kun ba shi ruwa?”

Na zaci ban ji daidai ba. Ta ajiye kwanon da ke hannunta ta kalle ni kamar ni ne tsohon. Ta ce a zamanin Baffa, kullum da yamma kafin ya tayar da inji sai ya leƙo ta kan katanga ya ce, “A shayar da ƙarfe.” Ita kuma sai ta tara ruwan wanke-wanke da na wanki ta tura ta rariya. Idan rani ya yi tsanani har bokiti take ɗauka ta zagaya ta zuba da hannunta.

“Me ya ce miki dalili?”

“Ban tambaya ba. Ya ce a zuba, na zuba. Wata rana na je suna na manta, ya dawo yana ta mita wai direbobi sun ce ba sa ji.”

“Amma Inna, ai an daɗe da cire akwatin.”

“An cire akwati, ba a ce mini an cire ƙarfe ba.” Ta ci gaba da cuɗa kwanonta. “Hannu ya saba. Ga shi har zogale na samu.”

Na fita daga gidan. Rabin zuciyata yana cewa ga amsa nan, rabi yana cewa Allah ne kawai ya tsare tsohuwar nan duk shekarun nan. Na gaya wa Yaya, ya ce to mu kwarara wa tudun ruwa mu gani. Na tare hanya na ce wallahi ba za a zuba ko ɗigo ba sai na ji daga bakin mai gyara. Ya ce, “To tafi Gafasa ka tambaye shi a wurin makoki, in kana da ido.” Da gatse ya faɗa. Ni kuwa na ɗauki keke.

Tun daga gida nake shawara da kaina. Mutum ya rasa ɗan uwansa, ni na je masa da maganar rediyo? Sai na ce a raina ai ta'aziyya wajiba ce a kaina ko babu akwati, tunda mun ci abinci a kwano ɗaya ranar da ya zo. Sai wata zuciyar ta ce, da babu akwatin da ka tako? Na tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya na gyara niyyata, na ƙudurta ta'aziyya kawai zan yi, ba zan ta da zancen ba ko da za a rufe filin.

Na same su a ƙofar gida a kan tabarmi. Na yi sallama, aka yi addu'a, na ce Allah ya jiƙansa, ya ba su haƙuri. Na zauna. Aka kawo ruwa na sha. Wasu suka zo aka sake addu'a, suka tashi. Ina zaune maganar tana cina kamar ƙaiƙayi, na danne ta. Da na ga na daɗe sai na yi sallama na miƙe. Mai gyara ya tashi ya zura takalmi zai taka mini, kamar yadda ake yi wa wanda ya zo daga nesa. Na ce ya zauna, ya ce a'a. Ya karɓi keken yana tura mini har muka fita daga layin.

Sai da muka kai bakin hanya ya ce, “Ya akwatinmu?”

Na ce, “Malam, ba wannan ya kawo ni ba.”

“Na sani. Ni na tambaya. Tun ɗazu nake ganin bakinka yana motsi.”

Na kwashe komai na gaya masa, har da tudun yashi, da ƙaya, da guntun kwano. Da na zo kan kwanon sai ya tsaya, ya cire gilashinsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya toshe baki da hannun riga don kada a jiyo daga wurin makoki.

“Ka yi masa rumfa?”

“Saboda raɓa.”

“Allah ya yi maka albarka, abokina. Tun da aka yi rasuwar nan ban yi dariya ba.” Ya share ido. “Laifina ne, ina sauri ban faɗa maka ba. Wayar nan ba ta ɗauke da wutar da take jan mutum. Eriyar da ke sama ba ta iya aiki ita kaɗai, sai ta jingina da ƙasa, ƙasar kuma sai mai danshi. Busasshen yashi kamar ka rataye ƙarfen a iska ne. Ka mayar da shi inda tsohuwa ta ce. Ka haƙa rami, ka zuba gawayi da gishiri, ka buga shi a tsakiya.”

“Idan tana zuba ruwa inji yana aiki fa?”

“Babu abin da zai same ta.”

“Awaki fa?”

“Su ma.”

“Amma in an zuba kafin a tayar da injin ya fi, ko?”

Ya dube ni, ya ce, “Ya fi. Don kai ka samu barci.”

Ya kuma tuna mini wani ɗan maɓalli a bayan akwatin, ya ce in maganar ta yi nisa da yawa a murɗa shi hagu.

Fitar da ƙarfen daga tudun nan ya fi buga shi wuya. Ni da Yaya muka yi ta girgiza shi, yana tsokanata yana cewa a yi a hankali kada ɗan gata ya ji sanyi. A lungun rariya na fara haƙa, ƙasar baƙa, mai laushi kamar tuwo. Ban yi nisa ba fartanya ta daki wani abu. Na sa hannu na share, sai ga kan wani tsohon ƙarfe, tsatsa ta cinye shi, saiwar zogale ta naɗe shi, da guntuwar waya har yanzu a ɗaure. Ɗaurin Baffa ne, na gane shi, haka yake murɗa waya idan yana gyaran shinge. Na kira Inna. Ta zagayo ta leƙa ramin, ta daɗe tana kallo.

“Ashe yana nan,” ta ce. “To kada ku cire shi.”

Ba mu cire ba. Muka buga sabon a gefensa, muka zuba gawayi da gishiri, muka mayar da ƙasa. Inna ta kawo bokiti ta zuba da kanta. Na jira ruwan ya tsotse, na sa kowa ya matsa, sannan na ce Yaya ya tayar da inji.

Na ɗauki rediyo na fara tafiya. Wajen tabarmi, magana. Wajen babura, magana. Na rage sauri, ina jiran inda za ta shaƙe. Na isa layin manyan motoci, wata mata a fim tana yi wa mijinta faɗa a kan cefane, ina jin har ƙarar murfin tukunyarta. Na kai katangar baya na jingina, na ce alhamdu lillahi a fili.

Sai na fita ƙofa, tana nan. Na tsallaka titi, tana nan. Murnata ta koma ciki. Na hau keke na riƙe rediyo a hannu ɗaya na bi hanyar Balan, matar nan tana ta faɗa, sai da na wuce rijiyar burtsatse na shiga gonaki sannan ta yi shiru. Na juyo da gudu ina haki.

“Yaya, ya wuce unguwa! A murɗa hagu!”

“Ɗazu bai kai ba kana kuka, yanzu ya kai kana kuka. Kai wai me kake so?”

“Daidai nake so.”

Muka ɓata sauran yammacin a haka, shi yana murɗawa, ni ina kai da kawowa tsakanin katanga da titi, har muka samu inda maganar take cika filin ta mutu a bakin kwalta. Na sa ya ɗiga farin fenti a wurin. Injin ma na sa muka mayar da shi can gabas, cikin wani rami da na jera wa buhunan yashi.

Ranar da muka buɗe, na bi tasha tun da hantsi ina gaya wa kowa ya zo da rediyo. Samari suka yi ta gunaguni, don wayoyinsu ba sa kama matsakaicin zango. Wasu suka aro na iyayensu, irin wanda ake jin labaran duniya da shi da asuba. Wasu suka raɓe a jikin motoci. Wasu kam suka ce ba za su iya wannan tsohon yayin ba, suka tafi gidan kallon cikin gari, kuma har yau ba su dawo ba.

Bayan sallar isha'i hoto ya hau bango. Ban taɓa jin filin haka ba tun ina yaro. Magana ɗaya tana fitowa ƙasa-ƙasa daga wurare da yawa, daga tagar wannan mota, daga cinyar wancan dattijo, kamar mutane suna karatu tare. Wani direba ya buɗe ƙofofinsa ya ƙure nasa, na je na roƙe shi don Allah, ya rage yana cewa yau kuma Sarkin Fargaba ya zama ɗan sanda.

Ina komawa ƙofa na ga mai unguwa tsaye da sandarsa. Ya ce, “Zo mu je tare, kai ma ka ji da kunnenka.”

Muka zagaya ta yamma. A zauren Malam akwai 'yar fitila a ajiye, shi kuma yana kishingiɗe a kan buzu, an tokare masa baya da matashi, carbi a hannunsa. Mai unguwa ya yi sallama a hankali. Ba a amsa ba. Muka zauna a bakin ƙofa muka kasa kunne. Ana jin gurnanin inji can nesa, da wani ɗan zuzu kamar na kasuwa idan kana hango ta daga gona. Sai kawai aka yi wani abin dariya a fim, filin gaba ɗaya ya kwashe. Wannan ban yi tunaninta ba, kuma babu maɓallin da ake murɗa ta hagu. Na kalli Malam. Carbin ya zame daga yatsunsa ya kwanta a kan buzu, bakinsa a ɗan buɗe, numfashinsa yana fita a hankali. Bai motsa ba.

Mai unguwa ya jira aka sake wata dariyar. Sannan ya dafa gwiwata, ya nuna mini hanya da haɓa. Muka fita a kan yatsun ƙafa, takalma a hannu. Sai da muka yi nisa ya ce, “Ka gaya wa yayanka ya bar ƙofarsa a buɗe.” Ya ɗan yi gaba, ya waiwayo. “A wace lamba ake kamawa?”

Lasifikokin nan Yaya ya ba masu wa'azin kasuwa. Akwatin Baffa yana kan kanta a ɗakin majigi, na ɗinka masa riga da buhu. Shayar da ƙarfe kuwa, na so na karɓe wa Inna saboda bayanta, ta ce tun ban san hanyar gona ba take yi, ba ni zan koya mata ba. Don haka kullum bayan la'asar ina shara ina jin ruwanta yana gangarowa ta rariya. Idan ta shige ɗaki sai na lallaɓa lungun na tsoma yatsa a ƙasa. Yawanci a jiƙe take sharkaf. Duk da haka nakan ƙara buta ɗaya, a hankali, ta gefen zogale don kada ta ji.

Tana ji. Rannan ina cikin zubawa sai muryarta ta fito ta bayan katanga.

“Ɗan nan, in ka gama ka tsinko mini ganye, tunda kana wurin.”

Na ajiye butar na tsinko mata.